Tsoka, Jijiya da Ido: Dalilan da ke Hana Jifan Nesa Shiga Kwando

Ranar 27 ga Maris, 2010, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Jami'ar Kentaki ta kara da ta Jami'ar Bajiniya ta Yamma a birnin Sirakus, a gasar jami'o'in Amurka wadda ake yi kowace shekara cikin watan Maris. Ƙa'idar wannan gasa ba ta da sassauci, domin kuwa duk ƙungiyar da aka cinye sau ɗaya, sai ta tattara komatsanta ta koma gida sai baɗi. Ƙungiyoyi 8 ne suka rage a wannan mataki, kuma masu sharhi da yawa sun riga sun ba Kentaki kofin. Suna da hujja. Wasa 35 ta ci a wannan kaka, sau 2 kacal aka cinye ta, sa'an nan watanni uku bayan haka ƙungiyoyin ƙwararru na NBA suka ɗauki 'yan wasanta har 5 a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa, ciki har da John Wall, wanda shi aka fara zaɓa a duk faɗin ƙasar.

Amma a wannan dare 'yan Kentaki sun yi jifa 32 daga bayan layin maki uku, 4 ne kawai suka shiga. Guda 20 na farko a jere, babu ko ɗaya da ya faɗa kwando. Aka tashi 73 da 66, aka fitar da su.

Mai kallo yakan ce samarin sun tsorata ne, ko kuwa ya ce ranar ce ba tasu ba. Ilmin halittu yana da bayani wanda ya fi wannan faɗi. Jifa daga nesa aiki ne na daidaito, wanda ke neman jikin ɗan Adam ya maimaita motsi ɗaya ba tare da ya kauce da ko kashi 1 cikin 100 ba, alhali kuwa tsoka da jijiya ba a gina su da irin wannan tsantseni ba.

Su wane ne masu gadi?

Kowace ƙungiya tana sa 'yan wasa 5 a fili. Bisa al'ada, dogaye uku suna tsayawa kusa da kwando, sauran biyun kuma suna wasa daga waje. Waɗannan biyun su ake kira "gad" da Turanci, wato masu gadi. Su ne ke kawo ƙwallo daga baya, su raba ta ga 'yan'uwansu, su kuma yi jifa daga nesa. Galibi su ne mafiya gajarta a ƙungiya, kuma su ne mafiya zirga-zirga.

A shekarar 1986 ne hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta shata layin maki uku a wasan maza a duk ƙasar, a nisan mita 6.02 daga tsakiyar kwando. Jifan da ya shiga daga bayan wannan layi maki 3 ne, na cikinsa kuwa maki 2. An matsar da layin zuwa mita 6.32 a 2008, sa'an nan zuwa mita 6.75 a 2019, wato nisan da ake amfani da shi a wasannin ƙasa da ƙasa. Lissafin mai sauƙi ne. Wanda ke cin jifa 1 cikin 3 daga bayan layi, daidai yake da wanda ke cin 1 cikin 2 daga ciki, kowannensu yana samo maki 1 a kan kowane jifa. Idan masu gadin wata ƙungiya suka gaza wannan mizani, sai abokan hamayya su daina bin su waje, su koma su yi cincirindo a gindin kwando, su toshe wa dogayen hanya. Ashe ke nan raunin mutum biyu yana ɗaure hannun sauran ukun. Abin da Bob Huggins, mai horar da Bajiniya ta Yamma, ya yi ke nan: ya sa 'yan wasansa suka tsare wuri maimakon tsare mutum, suka takura wa DeMarcus Cousins a ƙarƙashin kwando, suka bar Kentaki ta nemi makinta daga waje in za ta iya.

Ƙuncin ƙofar

Kafin a shiga batun jiki, ya kamata a san girman aikin da aka ɗora masa. Zoben kwando yana da tsayin mita 3.05 daga ƙasa, faɗin bakinsa kuma santimita 45.7. Faɗin ƙwallon maza kimanin santimita 24 ne. Mai karatu zai ce ai akwai sarari, tun da ƙwallo biyu sun kusa shiga a lokaci guda. Haka ne, amma sai idan daga sama tsaye ƙwallon ta sauko. Ƙwallon da aka jefo daga nesa a karkace take isowa, kuma duk wanda ya taɓa leƙen bakin rijiya daga nesa ya san cewa da'irar takan tsuke ta koma kamar ƙwai a kwance. Idan ƙwallo ta sauko a kusurwar digiri 60, ƙofar da take tararwa ta kai santimita 40. A digiri 45 ta ragu zuwa 32. A digiri 32 kuwa saura santimita 24, wato daidai jikin ƙwallon, babu rarar ko farce. Ƙasa da haka dole ta bugi ƙarfe.

A ɗauki mai gadi wanda ya yi tsalle ya saki ƙwallo daga tsayin mita 2.5, a nisan mita 6.3, a kusurwar digiri 50. In aka yi watsi da jan iska, lissafi ya nuna dole ƙwallon ta bar hannunsa da saurin kimanin mita 8.2 a daƙiƙa. Za ta yi daƙiƙa 1.2 a sama, ta sauko a kusurwar da ta kusa digiri 45. A wannan kusurwa, rarar da yake da ita santimita 6 ce gaba, 6 baya, in har ana so ta shiga ba ta taɓa zobe ba. To, idan saurin sakin ya ƙaru ko ya ragu da kashi 1 cikin 100 kacal, wurin saukar ƙwallon zai gusa da kimanin santimita 14. Wato kuskuren da aka yafe masa bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba. Ta fuskar hagu da dama kuma, karkatar hannu da digiri 1 ya isa ya kai ƙwallon kan ƙarfe. Gaskiya ne wasu ƙwallayen sukan bugi zobe su yi rawa su faɗa ciki, musamman in suna juyawa ta baya, domin juyin yana rage musu gudu idan sun taɓa ƙarfe ko allo. A 2008 Chau Tran da Larry Silverberg na Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa sun gwada ɗimbin hanyoyin jifa a kwamfuta, suka ba da shawarar cewa a jifan kyauta, wato wanda ake ba ɗan wasa in an yi masa ƙeta, ƙwallo ta riƙa juyawa baya sau 3 a daƙiƙa, a sake ta a digiri 52. Wannan rangwame ne, amma ba mai yawa ba.

Hayaniyar da ke cikin saƙo

Tsoka ba ta motsi sai da umurni. Umurnin yana tasowa daga ƙwaƙwalwa, ya bi lakar gadon baya, ya isa ga wasu ƙwayoyin jijiya waɗanda kowace ɗaya ke riƙe da ragamar wasu zarurrukan tsoka. Ƙwayar jijiya ɗaya tare da zarurrukan da take juyawa, su ake kira rukunin motsi, sunan da ya samo asali daga aikin Charles Sherrington da abokin aikinsa Edward Liddell a 1925. Rukunonin ba girmansu ɗaya ba. A tsokokin da ke juya ƙwayar ido, jijiya ɗaya tana iya riƙe zare kamar 10 ne kawai, amma a tsokar sha-raɓa takan riƙe fiye da 1,000.

Elwood Henneman na Jami'ar Harvard ya nuna, tun daga 1957, cewa jiki yana kiran waɗannan rukunoni aiki ne bi da bi, daga ƙanana zuwa manya. Mai zare allura ƙananan rukunoni yake amfani da su, kowane ɗaya yana ƙara ɗan ƙarfi kaɗan, shi ya sa yake iya sarrafa hannunsa a hankali. Mai ɗaga buhun gero kuwa sai ya tashi manyan, waɗanda kowane ɗaya in ya shigo da babban kaso yake zuwa. Misalinsu kamar mai awo ne da ke da duwatsun sikeli iri-iri: muddin yana da ƙanana zai auna daidai, amma da zarar sun ƙare ya koma ga manya, awonsa ya zama na kintace.

Bugu da ƙari, saƙon jijiya ba ya zuwa da tazara ɗaya kamar bugun agogo. Wani bugun yakan ɗan yi gaggawa, wani ya ɗan makara. Masana suna kiran wannan tangal-tangal "hayaniya", sun aro kalmar ce daga masu aikin rediyo, kuma duk mai kama tashar gajeren zango ya san irin shuuu ɗin da ke bin muryar mai labarai. Abin lura shi ne hayaniyar jijiya tana ƙaruwa ne tare da ƙarfin saƙon. Richard Schmidt da abokansa sun auna haka a 1979, suka ga cewa iyakar ƙarfin da aka nemi mutum ya fitar, iyakar bambancin da ake samu tsakanin wannan gwaji da wancan. A 1998 Christopher Harris da Daniel Wolpert suka bayyana a mujallar Nature cewa ƙwaƙwalwa tana tsara motsin hannu da na ido ne ta hanyar da za ta rage illar wannan hayaniya.

A nan ne gizo ke saƙar. Jifan nesa yana cutar ɗan wasa ta fuska biyu a lokaci guda: yana neman ƙarin ƙarfi, wanda ke ƙara hayaniya, sa'an nan nisan yana faɗaɗa duk ɗan kuskuren da hayaniyar ta haifar. Shi ya sa ƙarin taku ɗaya baya ba ƙaramin abu ba ne. A duk lokuta biyun da aka matsar da layi, yawan jifan da ke shiga a manyan jami'o'in Amurka ya ragu da kimanin kashi 1 cikin 100: daga 35 da ɗoriya zuwa 34 da ɗoriya bayan 2008, sa'an nan daga 34 da ɗoriya zuwa 33 da ɗoriya bayan 2019. Na farkon ƙarin santimita 30 ne kawai, tsawon rula ta ɗan firamare.

Akwai wata mafita a cikin ginin jikin kansa. A 2004 Antonia Hamilton da Kelvin Jones da Wolpert sun nuna cewa idan aka nemi ƙarfi iri ɗaya daga tsoka babba da tsoka ƙarama, babbar ta fi fitar da shi cikin natsuwa, domin tana da rukunoni masu yawa, kuma aikin bai kai ta bango ba. Wannan ya gaskata abin da masu horarwa suka daɗe suna faɗa ba tare da sun san dalilinsa ba, wato jifa daga ƙafa yake farawa. Idan cinyoyi da kwankwaso suka samar da mafi yawan ƙarfin ta hanyar tsalle, sai a bar wa gwiwar hannu da wuyan hannu da yatsu ɗan aikin saiti. Idan kuwa ƙafafu suka gaza, ko ɗan wasa ya makara bai saki ƙwallo ba sai da ya fara saukowa, to, ƙananan tsokokin hannu ne za su cike giɓin, su yi aikin ƙarfi da na saiti gaba ɗaya. Mai gadi gajere ya fi shiga wannan hali, saboda yana saki daga ƙasa, yana kuma buƙatar ya ɗaga ƙwallon ta tsallake hannun dogon da ke gabansa.

Ƙwaƙwalwar ƙeya

Miƙewar hannu ta ƙarshe a jifa tana faruwa ne cikin ƙiftawar ido. Kafin abin da ido ya gani ya je ƙwaƙwalwa, a sarrafa shi, ya dawo ya gyara motsin hannu, ana buƙatar tsakanin kashi 1 cikin 10 zuwa kashi 1 cikin 5 na daƙiƙa. Kafin nan ƙwallo ta tafi. Saboda haka ba a gyara jifa a tsakiyarsa, dole a tsara shi tun kafin a fara. Sashen da ya fi hannu a wannan tsari shi ne ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke ƙeya, wadda masana ke kira sarabelam. Nauyinta kimanin kashi 10 cikin 100 ne na dukan ƙwaƙwalwa, amma ƙidayar da Suzana Herculano-Houzel da abokan aikinta suka wallafa a 2009 ta nuna cewa daga cikin ƙwayoyin jijiya biliyan 86 da ke kan mutum, kimanin biliyan 69 a nan suke.

Tana samun rahoto a kowane lokaci daga wasu 'yan na'urori na halitta da ke binne cikin tsoka da agara, masu auna tsawon tsoka da ƙarfin da take ja da shi. Da su ne mutum ke sanin inda hannunsa yake ko da ya rufe ido. Tana kwatanta abin da aka yi niyya da abin da ya auku, in an sami saɓani sai wani saƙo na musamman ya isa ga manyan ƙwayoyinta, waɗanda ake kira da sunan Purkinje, masanin da ya gano su a 1837, ya sauya ƙarfin mahaɗarsu da sauran jijiyoyi. David Marr ya yi hasashen wannan hanya ta koyo a 1969, Masao Ito na Japan kuma ya samo shaidarta a ɗakin gwaji a 1982.

Wani gwaji da Thomas Thach da abokansa suka wallafa a 1996 ya fito da abin fili. An sa mutane suna jifan wata alama a bango da dunƙulen yumɓu, sa'an nan aka sa musu tabarau mai karkatar da haske gefe ɗaya. Jifansu na farko duk ya kauce, amma suna ci gaba sai ya riƙa matsowa har ya koma kan alamar. Da aka cire tabarau, sai suka kauce ta ɗaya gefen, domin ƙwaƙwalwar ta riga ta sauya saiti. Marasa lafiya masu rauni a wasu sassa na ƙwaƙwalwar ƙeya kuwa ba su gyaru ba, haka suka yi ta kaucewa. Wani abin sha'awa kuma, gyaran da aka koya da jifa ta saman kafaɗa bai cika bin mutum zuwa jifa ta ƙasa ba.

Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci ga mai horarwa. Abin da jiki ya koya yana manne da yanayin da ya koye shi. A 2005 Katherine Keetch da Schmidt da abokansu sun sa 'yan wasan jami'a suna jifa a tsaye daga nisa iri-iri, suka ga cin yana raguwa sannu a hankali da ƙaruwar nisa, sai a wuri ɗaya tak, wato layin jifan kyauta, inda suka ci fiye da yadda lissafi ya nuna. Shekarun da suka yi suna maimaita jifa daga wannan layi sun ba su gwaninta wadda ba ta bin su ko taku ɗaya gaba ko baya. Ashe ɗalibin da ke tsayawa wuri ɗaya ya yi jifa 200 da safe, shi kaɗai a fili, zuciyarsa kwance, yana koyon wani abu ne dabam da wanda za a nema wurinsa da dare, lokacin da zai karɓi ƙwallo a guje, ya juya, ya saki kafin hannun wani ya rufe masa fuska.

Gajiya

Wasan jami'a zango biyu ne, kowanne minti 20, kuma gwanin mai gadi yakan yi fiye da minti 30 a fili yana tsere da birki da tsalle. Makamashin da tsoka ke ƙonawa kai tsaye, wanda ake kira ATP, ajiyarsa ba ta wuce ta 'yan daƙiƙoƙi ba. Akwai ajiya ta biyu, sinadarin fosfokiriyatin, mai sabunta ta farko cikin gaggawa, ita ma a gudu mai tsanani ba ta wuce kimanin daƙiƙa 10, kuma cikarta bayan ta ƙare yana ɗaukar mintoci. An daɗe ana ɗora laifin gajiya a kan asid na laktik, har yanzu ma haka ake ji a bakin 'yan wasa. Bincike na baya-bayan nan, musamman na Håkan Westerblad da David Allen, ya nuna cewa a zafin jikin mutum asid ɗin ba shi ne babban mai laifi ba. An fi zargin fosfet da ke taruwa idan fosfokiriyatin ya narke, domin yana rage ƙarfin jan zaren tsoka, yana kuma tauye fitar kalsiyam, wanda shi ne mabuɗin da ke sa tsoka ta tsuke.

Ga mai jifa, illar ita ce ƙwaƙwalwa ta aika saƙon da ta saba aikawa, tsoka kuma ta ba da abin da bai kai na da ba. Sai ƙwallo ta bugi gaban zobe. Don cike giɓin, jiki yakan kira manyan rukunonin motsi, hayaniya ta ƙaru. Shi ya sa jifan gajiyayye ba gajarta kawai yake yi ba, warwatsuwa yake yi. Ƙishirwa ma tana da nata kaso: Lindsay Baker da abokanta a Jami'ar Jihar Pensilbaniya sun nuna a 2007 cewa idan ɗan wasan kwando ya yi asarar ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, gwanintarsa takan ragu a fili, kuma tana ci gaba da raguwa in asarar ta ƙaru.

Ido da fargaba

Tun da ba a gyara jifa a tsakiyarsa, ingancinsa ya dogara ne ga labarin da ido ya tattara kafin a saki. Joan Vickers ta Jami'ar Kalgari a Kanada ta ɗaura wa 'yan wasa na'urar bin motsin ido, ta wallafa sakamakon a 1996. Ta ga cewa gwanayen jifan kyauta sukan kafa ido wuri ɗaya a kan kwando na kusan daƙiƙa guda kafin su fara motsin jifa, waɗanda ba su kai su ba kuwa ba sa kai rabin haka, idonsu yana ta yawo tsakanin zobe da allo da raga. Ta sa wa wannan kallo suna "natsattsen ido". A 2009 Mark Wilson da abokansa a Jami'ar Exeter ta Ingila suka nuna cewa idan aka sa wa masu jifa fargaba, wannan kallo yakan gajarce, cin ma ya ragu tare da shi.

Fargaba tana da wata illar kuma. Gwani ba ya tunanin gwiwar hannunsa in zai yi jifa, kamar yadda mai tuƙa keke ba ya tunanin feda. Amma wanda ya ɓarar da biyar a jere, ga dubban mutane suna ihu, sai ya fara sa wa kansa ido, yana tambayar ko yatsunsa sun zauna daidai, ko ya lanƙwasa gwiwa sosai. Gwaje-gwajen Richard Masters a 1992 da na Sian Beilock da Thomas Carr a 2001, waɗanda aka yi da masu buga ƙwallon golf, sun nuna cewa irin wannan sa ido yana wargaza motsin da ya riga ya zauna, ya mai da gwani kamar ɗan koyo.

Rabon sa'a

Duk da wannan bayani, kuskure ne a manta da sa'a, ko kuma a kira ta da sunanta na ilmi, lissafin yiwuwa. A duk tsawon waccan kaka, 'yan Kentaki suna cin kimanin 1 cikin 3 na jifansu na nesa, John Wall ma haka. In aka ɗauka kowane jifa zaman kansa yake yi, yiwuwar ɓarar da 20 a jere ita ce a ninka 2 bisa 3 da kansa sau 20, abin da ke ba da kimanin 1 cikin 3,300. Adadin yana da ban tsoro, sai dai a tuna cewa a babban rukunin jami'o'in Amurka akwai ƙungiyoyi sama da 340, masu buga wasa fiye da 5,000 a kowace kaka. Abin da ke faruwa sau 1 cikin 3,300 ba zai daɗe bai faɗa kan wani ba. Ɗaya mai gadin Kentaki, Eric Bledsoe, kwana 9 kafin wannan dare ya ci 8 cikin jifa 9 daga bayan layi a wasan farko na gasar. Hannun dai shi ne, idon ma shi ne. Masu cewa girman zauren Sirakus ne ya ruɗa idon 'yan wasa kuwa, sai su bayyana yadda aka yi 'yan Bajiniya ta Yamma suka ci 8 daga bayan layi a zangon farko a wannan zaure ɗin, alhali ba su ci ko ɗaya daga cikin layi ba.

Hukuncin da ya fi kusa da adalci shi ne, sa'a ce ta ƙayyade girman masifar, amma ba ita ta buɗe mata ƙofa ba. Ƙungiyar da ke cin 1 cikin 3 tana zaune ne a kan iyaka, kuma abokan hamayyarta sun san haka. A daren ma, daga layin jifan kyauta, inda babu mai tsare kowa, 16 kawai suka ci cikin 29, abin da ke nuna cewa gajiya ko fargaba, ko duka biyun, sun taka tasu rawa.

Abin da ke gyaruwa

Hayaniyar jijiya ba ta ƙarewa, rage ta kawai ake yi. Ƙarfafa cinyoyi da kafaɗu yana sa jifan nesa ya ci ƙaramin kaso na ƙarfin ɗan wasa. Horon da ake cakuɗa nisa da kusurwa da yanayi ya fi zama a jiki, ko da yake a ranar horon yakan yi kamar ba a ci gaba, kamar yadda John Shea da Robyn Morgan suka nuna a 1979. Natsattsen ido ma ana koyar da shi. Sai kuma barci, wanda ɗaliban jami'a suka fi wasa da shi. A binciken da Cheri Mah ta wallafa a 2011, an nemi 'yan wasan kwando 11 na Jami'ar Stanford su riƙa kwanciya awa 10 kowane dare na tsawon mako 5 zuwa 7, cin jifansu na maki uku a gwaji ya ƙaru da kimanin kashi 9 cikin 100. Mutum 11 ba su da yawa, kuma ba a ware wasu da aka bari a kan barcinsu na da don a kwatanta ba, saboda haka a karɓi adadin da taka-tsantsan.

Ɗaliban ilmin halittu za su iya gwada batun hayaniya da kansu ba tare da wata na'ura ba. A sami fili mai yashi ko ƙasa mai laushi, a share, a kafa tsinke. Mutum ɗaya ya jefa ƙwallo ta sama sau 20 daga nisan mita 3 yana nufin tsinken, wani kuma yana auna tazarar inda ta sauka da tef, yana rubuta wadda ta wuce da wadda ta gaza dabam da wadda ta kauce hagu ko dama. A maimaita daga mita 5, sa'an nan daga mita 6.75. Bayan an huta, mai jifan ya yi tsallen kwaɗo sau 30, nan take ya sake 20 daga mita 6.75 ɗin. A zana sakamakon huɗun a takardar giraf, a kwatanta faɗin warwatsuwarsu, a kuma duba ta wace fuska kuskuren ya fi yawa bayan gajiya.